Ranar da Na Soya Kokwambar Kafil

Akwai ranar da ba na mantawa da ita a wannan aiki, ko da za a wanke mini kwanya da sabulu. Shekarata ta biyu ke nan a wata gona da ke bayan Riyadh, an ɗora ni shugaban masu feshi. Masu feshin mu biyu ne, ni da Malam Idi mutumin Zinder, amma ina tafiya kamar mai bataliya.

Zafi ya fara shigowa sai farar hoda ta bayyana a ganyen kokwamba cikin rumfar leda. Wannan cuta ce irin ta funfuna, idan aka bar ta sai ta shanye ganye tas. Muhandis, wato injiniyan gonar, wani Basudane mai ƙarancin magana, ya ba ni maganin farar wuta ya nuna mini awo. Ya ce, "Da sanyin safiya, ya Garba." Ya shiga mota ya tafi kasuwar Batha a cikin gari.

Ni kuwa a ƙauyenmu can Maradi sai rana ta take muke feshi, don mun yarda zafi ne ke sa magani ya kama. Na ce a raina Basudane zai koya mini noma? Na jira har ƙwaƙwalwa ta fara tafasa, sannan muka goya tankuna.

Layi biyu muka yi aka kira Azahar. Malam Idi ya sauke tankinsa.

Na ce, "Malam, mu ƙarasa mana, lokaci bai fita ba."

Ya ce, "Shugaba, kai ka ƙarasa. Ni ba da kokwamba za a tashe ni ranar ƙiyama ba."

Muka yi salla, muka ci shinkafa, muka dawo. Layukan nan biyu sun yi laushi, bakin ganyen ya fara ƙonewa kamar an bi shi da dutsen guga. Ashe farar wuta da zafin rana ba sa haɗuwa. Kuma a wannan watan ne kafil, mai gonar da ke riƙe da zamana, zai sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Nan take na hango kaina a tashar Maradi da jaka ɗaya, yara suna tambayar ina tsaraba. Gumin da na yi a wurin zai shayar da gonar kwana uku.

Da la'asar Muhandis ya dawo. Ya tsuguna, ya juya ganye, ya taɓa kan tsiron, sannan ya dube ni.

"Layi nawa?"

"Biyu."

"Wa ya tsayar da kai?"

Na nuna Malam Idi.

Ya ce, "Kan tsiron da rai, zai toho. Sauran gobe bayan Asuba. Ni zan yi wa kafil bayani. Khalas, shi ke nan."

Na zauna a kan tanki. Bayan mako biyu layukan suka fid da sabon ganye, iƙama ta fito da hotona ina murmushi kamar wanda bai taɓa ƙona komai ba.

Don haka ku sababbin shiga wannan aiki, idan aka ba ku magani, ku riƙe lokacin da aka faɗa kamar yadda kuke riƙe awo. Abin da kuka sani a gida ku ajiye shi tukuna ku yi tambaya. Idan kuma na ƙasa da ku ya sauke tanki ya ƙi motsi, kada ku yi saurin yi masa tsawa.