Tuwon da Inna Ba Ta Tuƙa Ba

Otal ɗin da nake aikin tafinta a unguwar Aziziyya ta Makka ya taɓa karɓar wani babban taro na masu kamfanonin jigilar alhazai daga ƙasashenmu na baƙar fata. An shimfiɗa jan kafet, an rataya ƙyalle an rubuta barka da zuwa da Hausa, har da kuskure a rubutun, amma ba wanda ya tambaye ni. Abin da aka taru a kai shi ne yadda za a sa baƙi daga Afirka su ji daɗin zama a Makka, su dawo Umara, su kawo iyalansu, su riƙa yin tarukansu a nan. Masu otal suka yi ta nuna hotunan ɗakuna da motoci masu sanyi. Can sai wani dattijon alhaji ya miƙe, hannun babbar rigarsa na neman share kofunan shayi, ya ce shi dai abu ɗaya ya sani, mutanensa a rame suke komawa gida, domin shinkafa da kaza safe da yamma ba abinci ba ne. A ba su tuwo. Ni na mayar da maganar Larabci, na kuma ga mudir, wato manajanmu, yana gyaɗa kai.

Tun daga nan ya zama dokar otal, duk tawagar alhazanmu da za ta tashi, a yi mata walimar bankwana da tuwo. Kukun da aka ɗora wa aikin mutumin Asiya ne, mai fara'a, mai son ya burge, amma a waya ya koyi tuƙi. Garin semo yake damawa, abin ya fito ba shi tuwo ba, ba shi talge ba. Miyar kuwa kuɓewar firji ce da tumatir, ba ta taɓa jin labarin daddawa ba. Alhazai su ci don kara, su yi godiya, mudir ya ɗauki hoto.

Duk sanda na wuce gaban wannan tukunya sai raina ya ɓaci, don ni a Tandabawi, tsohuwar unguwar mutanenmu a nan Makka, aka haife ni, na kuma san abin da ke riƙe baƙar fata a garin nan tun kafin a san da wani taro. Mahaifiyata, Inna, tana amarya ta zo aikin hajji tare da Baba, ba su koma ba. Yayanta ne ya ɗaukar mata akwati har tashar mota a garinsu can ƙasar Katsina, kuma ganinsu na ƙarshe ke nan. Baba ya yi leburanci, ya yi gadi, ya rasu aka binne shi a nan. Inna kuwa tuwo ta riƙe mu da shi.

Unguwarmu ba ta da kyan gani, ba zan yi mata ƙarya ba. Lunguna ne masu hawa, matakala a karye, wayoyin lantarki a cakuɗe bisa kai, ruwan wanki na bin ƙafar mutum. Amma alhajin da ya kwana biyu cikin Larabci da burodi, da ya shigo lungun ya ji wata tsohuwa na zagin jikanta da Hausa, sai ka ga kafaɗarsa ta sauka. Akwai Hausawa, akwai Barebari da Fulani da Zabarmawa, akwai wanzami da mai ɗinkin hula da mai kokon safe. Idan alhaji ya ɓata, a nan ake tsintar sa. Idan ya kwanta ciwo, a nan ake samun mai dama masa kunu. Da yawa daga waɗanda suka zauna a Makka, bayan son makwabtaka da Ɗakin Allah, abin da ya zaunar da su shi ne sun tarar da nasu a nan.

Inna na da wata ƙa'ida da ba ta taɓa karyawa. Masu saye a ƙofar gida suke ci, amma duk wanda ya ce daga garinsu yake, ciki ake shigar da shi. A shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, ta zuba masa da hannunta, ta koma gefe ta zauna tana tambaya, wa ya rasu, wa ya haihu, rijiyar bayan masallaci na nan kuwa? Kowace shekara kuma sai wani ya zo da ƙullin kuka da daddawa daga Kawu, yayan nata. Su kuma in sun koma su ba shi labarin tuwon, har ya zama duk wanda ya samu kujerar Makka a garin sai Kawu ya je ya yi masa bankwana ya ce, ka tabbata ka ci tuwon ƙanwata. Shi da ake ta kai wa labari bai taɓa ɗanɗanawa ba, don kujerar ba ta zo kansa ba.

Sai rusau ya zo. Aka shafa jan fenti a bangayenmu, aka yanke wuta da ruwa, aka ce wurin za a gyara shi don baƙin Allah su samu sarari. Ban ce ba a buƙatar sarari ba, na ga cunkoso da idona. Amma na tsaya na kalli katafila na cin ɗakin da ɗaruruwan baƙin Allah suka ci abinci a ciki, kuma ba wanda ya lissafa wannan ɗaki cikin masaukan baƙi. Unguwa ta watse. Wasu suka gangara unguwar Jarwal kafin ita ma a taɓa ta, wasu aka kama su aka mayar da su ƙasar da ba su taɓa gani ba. Ni ina da iƙama, wato takardar zama, ta hanyar aikina. Inna ba ta da komai. Muka samu ɗaki a wani gari kan hanyar Jidda, bayan shingen bincike, inda ba alhajin da zai ɓata ya iso.

A can ta daina tuwon sayarwa. Takan tuƙa mana ɗan kaɗan a ƙaramar tukunya, tana mita wai hannunta bai iya auna na mutum biyu ba.

Ana nan sai labari ya zo, 'ya'yan Kawu sun biya masa kujera. Da na bi diddigi sai na tarar tawagarsu a otal ɗinmu za ta sauka. Inna ta yi ta kai da kawo a ɗaki kamar mai shirin biki, ni kuwa na san abin da ba ta so ta sani. Lokacin hajji ba mai ƙetare shingen nan ya shiga Makka sai da izini, ita kuma ko gwadawa ta yi, mota ɗaya za a saka ta sai gidan tsare masu jiran jirgi. Kawu shi ma ba zai fito ba, fasfonsa na hannun jami'ai, an rataya masa kati a wuya, daga otal sai Harami sai Mina. Tafiyar da ba ta kai ta zuwa kasuwar ƙauye ba ce tsakaninsu, amma ba hanya.

Na ce mata ai akwai waya, za su ga juna. Ta harare ni. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana.

"Kai wannan, a waya ake cin tuwo? Muryarsa ai ina ji. Mutanen da ban haɗa komai da su ba sun ci abincina sun ƙoshi, shi da muka sha nono ɗaya ya zo har Makka ya koma da yunwata?"

Kawu ya iso, tsoho dogo, gwiwa ta gaji, kunne ya yi nauyi. Ya rungume ni ya ce hancin Inna ne a fuskata. Ya ba ni ƙullin kuka da daddawa da ya ɗauro a cikin hularsa ta ajiya. Amma ban samu kai mata ba, don a kwanakin nan ma'aikata a otal muke kwana, ba mai zuwa gida sai an sauko daga Mina. Da aka sauko kuma sai aka ce tawagarsu ce ta farko da za ta wuce Madina. Yini ɗaya ya rage mana. Na samu Kawu na ɗaga murya na ce masa gobe Inna za ta aiko masa da tuwo. Ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala.

Na je gida na kai mata ƙullin. Da asuba ta hura wuta. Garin dawa ta ɓoye tun da ta ji zai zo, shi ta tankaɗe ta tuƙa. Ta yi miyar kuka da daddawar da ya kawo, ta sa busasshen kifi, ta zuba man shanu. Ta mulmula, ta jera a kula, ta naɗe da sabon zane, ta ce in gaya masa ya fara shan ruwa tukuna, kada in tsaya a kansa yana ci.

A ƙofar ma'aikata mai gadi ya tare ni. Mun san juna, muna shan shayi tare.

"Mamnu'u, ya akhi, an hana. Abincin waje ba ya shiga lokacin hajji, ka fi ni sani. In wani ya yi gudawa ni za a kora."

Na roƙe shi, na ce na kawuna ne, na ce ƙanwarsa ce ta dafa. Ya ce wallahi ya tausaya, amma kyamara na kallonmu. Na ajiye kular a bayan ɗakin gadi, da niyyar in fito da Kawu ya ci ko a bakin titi ne. Na hau ɗakinsu, aka ce an kwashe su tun da safe zuwa ɗawafin bankwana. Na sauko sai ga motocin sabuwar tawaga, tsofaffi cike, ba mai jin Larabci, mudir na kirana ta ko'ina. Ban samu kaina ba sai bayan la'asar. Na ruga bayan ɗakin gadi na buɗe kular. Rana ta juyo ta same ta, miyar ta yi tsami tana kumfa. Na ruga ɗakin Kawu, na tarar ya yi barci da carbi a hannu, abokan ɗakinsa suka ce sun dawo an wuce da su walima, kowa ya ci ya ƙoshi.

Na ɗauki kular na koma gida da nauyinta. Da sallamata Inna ta dubi hannuna, ta ga yadda nake riƙe da ita, ta gane ba a taɓa ba. Kafin in buɗe baki wayata ta yi ƙara. Kawu ne, wani a ɗakinsu ya kira masa. Na miƙa mata, fuskarsa ta cika gilashin.

"Na ci, 'yar'uwa," in ji shi. "Na ci tuwonki. Ina shiga na gan shi a babbar tukunya, na ce wa mutane ku matsa, wannan na ƙanwata ne. Ashe har da su kika dafa wa? Allah ya yi miki albarka."

Na matso zan yi magana. Inna ta ɗaga min hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Ka ƙoshi dai, Yaya?"

"Har na ƙara. Ya yi daɗi ƙwarai." Ya yi dariya irin ta babban wa. "Sai dai ban ji daddawar ba. Ko yaron nan bai kai miki ba? Kuma ya ɗan yi ruwa. Da can mutane cewa suke naki sai an sa ƙarfi a yanka."

"Ya kawo," in ji ta. "Tsufa ne, Yaya. Hannun ya mutu. Ka yi haƙuri."

"Haba, ba komai. Duk mun tsufa. Ni dai burina ya cika."

Suka yi ta addu'a, ya ce ta yafe masa, ta ce ya yafe mata, ya ce zai gaya wa kowa a gida ya ci. Wayar ta katse. Na ce mata me ya sa ba ta bari na gaya masa gaskiya ba, ga kular nan a gabanmu. Raina a ɓace yake, da mai gadi, da mudir, da garin gaba ɗaya. Ta ce in na gaya masa, me zai koma ya ce wa mutane? Gara a ce ta tsufa da a ce ya zo bai ci ba. Ta buɗe kular ta shinshina, ta rufe. Sai ta ce gobe in akwai ragowar wancan tuwon in ɗebo mata.

Washegari motocinsu suka tashi Madina, na taimaka masa ya hau, yana ta sa mata albarka. Na shiga kicin na roƙi kukun ɗan abin da ya rage a firji, ya zuba min a roba yana murna wai an yaba girkinsa. Na kai mata. Ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta gutsura ta dangwali miyar ta kai baki. Ta daɗe tana juya shi kafin ta haɗiye. Ban taɓa ganin Inna na kuka a gaban abinci ba sai ranar.

"Wannan ya ci," in ji ta, "har ya ƙara, don kada in ji kunya."