Fankar da Ta Ci Aikin Babanmu

Shekara ashirin da shida Babanmu ya yi yana tuƙa wani attajiri mai sayar da kayan gini, kuma a tsawon shekarun nan ko madubi bai taɓa fasawa ba. Direbobin unguwa suna kiransa Sannu-Sannu, don ko titi ya zama nasa shi kaɗai ba ya wuce tamanin. Kullum kafin ya sa komai a bakinsa sai ya buɗe bonet, ya zaro sandar gwada mai, ya leƙa ruwan lagireto, ya zagaya tayoyi yana dannawa da babban yatsa. Mama takan ce da ita ake yi wa wannan lelen da tuni ta fi ƙarfin ƙofar ɗakinta.

Ni ce 'yarsa ta biyu, ina koyarwa a firamare, kuma har yau in na tuna yadda aikin nan ya ƙare sai raina ya ɓaci.

Autan maigidan, ƙato mai shekara talatin da Baba ya yi ta kaiwa makaranta tun yana majina, shi ya karɓi motar wata Asabar ya kai aka cika but ɗin baya da manyan sifikun kiɗa. Ranar Litinin Baba ya lura da wani abu. In suna kan buɗaɗɗiyar hanya allurar zafi tana zaune lafiya, amma da zarar sun shiga cunkoso sai ta fara hawa.

"Ranka ya daɗe, ba na jin fanka tana tashi in mun tsaya," ya ce wa maigidan. "A ba ni rabin yini in duba ta."

Maigida yana kan waya, ya ɗaga masa hannu. Washegari Baba ya sake faɗa, aka ce masa sai ƙarshen mako.

Ranar Laraba Autan ya ja motar da kansa, ya kwashi abokansa da tsakar rana, suka maƙale a cunkoson bakin kasuwa, gilashi a rufe, kiɗa kamar zai tsaga ƙarfe. Ba wanda ya kalli allura har tiyon lagireto ya fashe, tururi ya turnuƙe bonet. Janyo motar aka yi zuwa gida. Autan bai ko zauna ba ya ce wa ubansa, "Tsohon nan ba ya zuba wa mota ruwa." Bakaniken da aka kira ya leƙa, ya ga lagireto a bushe, ya gyaɗa kai ya ce sai an sauke inji. To ina ruwa zai zauna a inda tiyo ya fashe?

A tsakar gida aka kira Baba, a gaban mai gadi da kuku da baƙi biyu.

"Ajiye makulli," in ji maigida. "Tsufa ya zo maka. Ruwa ma ka kasa zubawa."

Baba ya ajiye, ya dawo gida a ƙafa.

Kwana uku yana zaune a tabarma, abinci sai ya taɓa ya ture. Na ce zan je gidan in wanke su tas. Ya ce, "Zauna. Ba aikin ne ke cina ba. Cewa aka yi ban zuba ruwa ba."

A rana ta huɗu ya saka tsohuwar rigarsa ta aiki, ya sayo sabon tiyo da 'yan fis na wutar mota, ya ce in raka shi, don idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu. Mai gadi ya buɗe mana ƙaramar ƙofa yana waige-waige. "Wallahi Baba, in aka tambaye ni, ban gan ku ba," ya ce, sannan ya ruga ya ɗauko mana makulli da bokitin ruwa.

Motar tana ƙarƙashin rumfa. Baba ya canja tiyon, ya cika lagireto, ya tayar da inji, ya kasa kunne. Sautin bai canja ba, ya ce injin ya sha da ƙyar. Muka tsaya muna kallon allura tana hawa har ta wuce rabi, fanka ko motsi. Ya kashe. Ya jira ƙarfe ya ɗan huce, ya sa yatsa ya juya fukafukan, suka juya sumul. Sai ya zare soket ɗinta, ya jawo waya biyu daga batir ya taɓa mata. Nan take ta ɗauka, fuuu, har hularsa ta kusa tashi.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Wuta ce ba ta isowa. Karanta min murfin nan, wanne ne na fanka?"

Na bi zanen da ke kan murfin akwatin fis na nuna masa. Da ya zaro shi sai ga shi a ƙone, baƙi ƙirin. A ƙafar fis ɗin kuma an nannaɗe wata jar waya sabuwa fil, wadda ba a zo da ita daga kamfani ba.

Ƙarar fankar ce ta fito da maigida, Autan na biye da shi da kofin shayi a hannu.

"Wa ya ba ka izinin taɓa min mota?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Minti biyar kawai nake roƙo."

Baba ya kama jar wayar ya bi ta, ta bayan inji, ta ƙarƙashin kafet, ta gefen kujerar baya, har cikin but inda ta shige akwatin sifikun. Wanda ya haɗa kiɗan a kan fis ɗin fanka ya ɗora shi, nauyi ya yi yawa, fis ya ƙone.

"Ni na san wata waya?" in ji Autan. "Ni rewaya ne, mai haɗa wutar mota?"

Baba ya cire wayar, ya sa sabon fis, ya sake tayar da mota. Allura na kaiwa rabi fanka ta tashi da kanta, zafi ya sauka. Kuku da ke leƙe ta tagar kicin ya ce, "Allahu akbar!"

Na zuba wa maigida ido ina jiran kalma ɗaya. Sai ya yi dariya. Dariya!

"Yaran zamani ke nan. To Sannu-Sannu, riƙe makullinka, gobe da bakwai za mu fita."

Na buɗe baki, Baba ya harare ni na haɗiye. Ya goge hannunsa da tsumma a hankali.

"Ranka ya daɗe, a gaban mutane aka ce ban zuba ruwa ba. A gabansu nake so a ce na zuba."

Fuskar maigida ta canja. "Wato haƙuri kake so in ba ka? Ni?"

"Gaskiya kawai nake so a faɗa."

"Ka ji min mutum. An maida ka aiki, me kuma ya rage?"

Baba ya ɗora makullin a kan bonet, ya ɗauki jakarsa, muka fito. A hanya muka zauna a bakin wani shago ya sha ruwa.

Bai sake tuƙa kowa ba. Wani amininsa mai gyaran wutar mota ya ba shi benci a garejinsa, kuma a hankali duk wanda motarsa ke zafi sai a ce ya je wurin tsohon nan. Gwiwoyinsa suna damunsa, amma yana cin abinci, yana tsokanar Mama.

Bara maigidan ya rasu ba tare da ya faɗi kalmar ba. Na ce ba inda zan je. Baba ya sa farar rigarsa ya tafi gaisuwa, kwana uku a jere. Mai gadi ne ya ba ni labarin cewa a rana ta biyu Autan ya hango shi cikin masu zaman makoki, ya taho ya zube masa makullai a cinya, ya ce motocin baƙi sun tare ƙofa, ya tashi ya gyara musu tsayuwa.

Da ya dawo na tare shi a zaure. "Baba, kuma ka tashi?"

"Na tashi mana. Hanyar mutane ce aka tare."

Na shige ɗaki na bugo ƙofa. Sai da Mama ta aiko kirana sau biyu kafin na fito na kai masa ruwan alwala.