Robar Taya a Bayan Firij

Tsss… tsss. Ina tankaɗen garin tuwo da hantsi na ji shi, ƙasa-ƙasa, kamar an yarfa ruwa a kasko mai zafi. Daga bayan firij yake fitowa.

Soket ɗaya ne a ɗakina. In aka kawo wuta, firijin da nake sanya zoɓon sayar wa masu tsinkar tumatir, da fanka, da dutsen guga, duk layi suke bi. Da na yi wa maigida magana sai ya ce ƙaninsa zai ƙara mana. Ƙanin nan nasa kuwa, tun da ya taɓa tayar da injin ban ruwa a bakin kanal ake ce masa injiniya, shi kuma ya yarda.

Ya zo da wata siririyar waya irin ta rediyo, ya fere bakinta da haƙori, ko wutar bai kashe ba. Ya murɗa, ya yanko tsohuwar robar taya ya naɗe mahaɗar, yadda suke ɗaure tiyo a gona. Soket biyu ya kafa dab da ƙasa, daidai inda ’yata mai shekara huɗu take zama da ’yar tsanarta.

“Wannan ba tiyo ba ne fa,” na ce.

“Matar Yaya, robar da ta riƙe ruwan kanal, wuta ce za ta gagare ta? Ke dai ji da zoɓonki.”

“A makaranta an ce mana waya tana da kaurin da ya dace da ita.”

“To, Malama, sai ki ba ni maki.”

Allah Ya yafe mini, ranar na kalli ƙato da gemunsa na ji tausayin injinan mutane.

Kwana goma ke nan, sai wannan ƙara. Na ja firij. Robar ta narke, ta yi baƙi, tana wari, jan ƙarfen waya a waje, ga lemar firij ta jiƙa bango. Na yi salati, na ruga na kashe wutar gidan gaba ɗaya. Da maigida ya dawo daga gona ban yi dogon bayani ba, hannunsa na kama na kai shi ya gani.

Washegari ya ɗauko mai aikin wayar wuta daga Kura, wani dattijo marar surutu. Sai da ya gwada ya tabbatar wuta a kashe take, kafin ya taɓa komai. Ya sa waya mai kauri cikin bututu, ya ware wa firij layinsa, ya haɗa wayar da ke sauke wuta ƙasa, ya ɗaga soket sama da kan yaro. Ya ɗauki ƙullin robar da yatsa biyu.

“Hajiya, wa ya yi wannan?”

Injiniyanmu yana tsaye a bakin ƙofa. Nan take wayarsa ta salula ta zame masa abin kallo.

Ni na share garin siminti. ’Yata, wadda sai a lokacin na lura ta kwana biyu ba ta zauna a wurinta ba, ta leƙo da ’yar tsanarta, ta tsaya nesa da bangon.

“Umma,” ta ce, “yanzu bangon ya daina cizo?”