Lola, Maƙwabciyarmu a Karama

Ranar da muka tare a unguwar Karama ta Dubai, ko akwatuna ban gama shigarwa ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata 'yar tsohuwa ce gajeruwa, kanta fari fat da furfura, riƙe da faranti a rufe. Kafin in yi magana ta ce da Turancinta mai sauri, "Kaza ce, ba alade ba. Tukunyar ma sabuwa ce." Ta danƙa min ta juya. Ashe ƙofarta ce ke kallon tamu.

'Yar ƙasar Filifin ce. Jikokinta biyu Lola suke ce mata, wato kaka a yarensu, mutanen benen kuwa duk muka ɗauka, har da mai gadi. Ta zo Dubai da sauran ƙarfinta bayan rasuwar mijinta, ta yi ta ɗinkin labule a wani shago a Deira har 'ya'yanta suka gama makaranta can gida. Babbar 'yarta ta biyo ta, ta samu aikin jinya, ta yi aure. Da idon Lola ya daina ganin kafar allura sai ta ajiye keke ta koma raino.

Ban taɓa zama kusa da Kirista mai ibada irin tata ba. Carbinta mai ɗan kuros ba ya barin aljihun rigarta. Ranar zuwa coci tun safe za ka ji ta a baranda tana kora jikokin kamar mai kora kaji, an sharce musu gashi da mai. Abin dariyar shi ne, lokutan sallata ma ta fi ni kiyayewa. Da ladan ya kira, in dai ta ji ƙarar injin markaɗena, sai ta leƙo.

"Ana kiranku. Je ki, ni zan duba tukunyar."

"Lola, ai da sauran lokaci."

"Shi Allah ke zai jira?" Sai ta karɓe ludayin.

A haka ta san miyar kuka. Farkon ganinta ta ce kamar ruwan fadamar ƙauyensu, amma malmala biyu ta tashi da ita ranar, har da neman ƙarin man shanu. Da azumi kuwa tausayinmu take ji. Su nasu azumin suna shan ruwa, don haka ta ɗauke mu wasu jarumai. Kullum dab da magariba ga ta da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa, an yanka mangwaro a kai. Maigidana, wanda aikinsa tura kayan 'yan kasuwar Kano ne daga kasuwar Murshid Bazaar, har ya daina tsayawa shan ruwa a kasuwa saboda wannan shinkafa.

Naƙudar 'yata ta fari ta zo min da rana tsaka, shi kuma yana can tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali ana loda kwantena. Na kira shi, ya ce yana tafe, amma na san hanyar. Da bin bango na isa ƙofar Lola. Kallo ɗaya ta yi min, ta kashe murhu, ta miƙa jikokin ga wata Ba'indiya da ke ƙasanmu, ta tare tasi da silifas ɗin banɗaki a ƙafarta.

A bayan motar ina ta "La'ilaha illa anta subhanaka", ita ta zaro carbinta tana kiran Maryamu da yarensu, direban kuma, wani ɗan Pakistan, da ya waiwayo ya ga halin da ake ciki sai shi ma ya kama salati. Duk da ciwon sai da na yi dariya.

"Kina dariya?" in ji ta. "To ba yanzu ba ne. Direba, kada ka kashe mu, shwaiya shwaiya, a hankali."

A asibiti ma'aikaciyar ta tambaye ta ko ita wace ce a wurina. Lola ta dube ni, ta dubi hannunta a cikin nawa, ta ce, "Ni ce uwarta. Kamannin ubanta ta biyo." Aka bar ta ta shiga. Ko da maigidana ya iso, ita ta miƙa masa jaririyar, ta ce, "Yi mata abin nan da kuke yi a kunne."

'Yar tawa a ɗakin Lola ta koyi tafiya. Bayan wasu shekaru gwiwoyin Lola suka gaza, ta ce tana son ta ƙarasa a tsibirinsu, kusa da kabarin mijinta. Can ta rasu, bayan ta dawo daga cocin safe ta zauna shan kofi. Da muka shiga yi wa 'yarta gaisuwa, falon cike yake da mutane, ana addu'a, ana ci, ana ba da labarinta ana dariya da hawaye. Mu ma aka ce mu ba da namu, na ba da na tasi.

Bara muka je Kano hutu. Muna shiga gida yarinyar ta je ta kama hannun mahaifiyata ta ɗora bayansa a goshinta, yadda yaran Filifin ke gaida manya. Hajiya ta dube ni.

"Wannan kuma gaisuwar ina ce?"

Na ce, "Ta ɗayar kakar tata ce."

Hajiya ta ce, "To madalla, ta iya tarbiyya. Zo ki sake, ban shirya ba ɗazu."