Abokin Guduna Ɗan Michika

Shekarun baya, lokacin da mutanen arewacin jiharmu suka kwararo Yola da Jimeta suna gudun rikicin nan da kowa ya sani, likita ya gwada jinina ya ce sukari na neman hawa. Ko dai in fara motsa jiki, ko in shirya sabawa da allura. Ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne, babban motsina a rana shi ne daga kujera zuwa masallacin ofis. Haka na sayi kambas, na fara fita gudu bayan sallar asuba daga gidanmu a Damilu.

Gaskiya ban taɓa yin abu mai gundura irinsa ba. Titi ɗaya, katangu iri ɗaya, ga numfashinka yana damunka a kunne. Mahaifiyata ma ba ta ga dalili ba. Cewa take, "Mutane sun gudo garin nan don dole, kai kuma kana gudu ba wanda ya kore ka."

Don rage gundurar sai na koma sa iyafis ina jin waƙoƙi. Wannan dabarar ba ta yi nisa ba. Wata safiya na wuce wani shingen bincike a guje, ashe ana ta daka min tsawa in tsaya, ban ji ba. Da aka tare ni, da girmana da tumbina, sai da na yi tsallen kwaɗo a gaban masu sayar da biredi. Wanda ya sa ni ya ce, "Ai motsa jiki ka fito, ga shi na taimake ka." Daga ranar na jefa iyafis a durowa.

Ina gab da watsar da gudun gaba ɗaya sai na samu aboki. Maƙwabcinmu, wani Kirista ma'aikacin asibiti, ya sauki 'yan uwansa da suka gudo daga Michika. A cikinsu akwai wani dogo siriri, malamin firamare ne a can, shi ke koyar da wasannin motsa jiki. Wata rana na buɗe ƙofa na tarar da shi tsaye da wani tsohon kambas na aro.

Ya ce, "Malam, zan iya bi ka?"

Na ce bismillah. Na gaya masa tun da wuri cewa abin ba daɗi, gundura ce zalla.

Ya ce, "Don kana duba ƙafa naka ne. Ɗaga kai, duba mutane."

Shi ya karɓi zaɓen hanya, ni kuma na bar masa, tunda ba ni da ra'ayi. Yau mu bi ta tasha, gobe ta bayan wata makaranta da aka sauke masu gudun hijira, jibi ta harabar wani coci inda mata ke kwana a kan tabarmi. Ran Asabar mukan yi doguwa, mu haye gadar Binuwai mu nufi Girei, mu dawo a Keke Napep don ƙafata ba ta iya biyu. Ba ya yawan magana. In na fara ƙorafi sai ya ce in gaya masa sunan unguwar da muke ciki da asalin mutanenta. Ni kuwa ga son surutu, sai in yi ta zuba ina haki, har mu kai inda za mu ban sani ba.

Abu ɗaya na lura da shi. Duk inda muka iso taron jama'a, musamman layin ɗibar ruwa ko wurin rabon abinci, sai ya rage gudu. Na ɗauka tausayina yake ji, har ina gode masa a raina.

Maƙwabcin namu ne ya fahimtar da ni, wani yammaci muna zaune a ƙofar gida. Ya ce ranar da aka shiga garinsu abokina yana makaranta, matarsa da 'yarsu ƙarama suna gida. Kowa ya bi inda ƙafarsa ta kai shi. Wayarta ba ta ƙara shiga ba. Da ya iso Jimeta ya fara yawo a ƙafa yana duba fuskokin mutane, sai wasu 'yan banga suka kama shi, don a lokacin baƙon da ke tafiya a hankali yana kallon jama'a abin tsoro ne. Da ƙyar aka karɓo shi. Amma mutum biyu cikin kayan wasa suna gudu, ɗayansu ɗan gari da ake gaisawa da shi da Fillanci a hanya, ba mai tare su.

Washegari na bari sai da muka yi nisa. Na ce, "Ticha, yaya kamannin matar taka?"

Bai daina gudu ba, ya amsa da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. Ya ce, "Gajere ne, baƙi, yana da wushirya. Yarinya kuma ya yi kama da ni."

Daga nan muka raba aiki, shi dama, ni hagu. Ba zan ce gudun ya koma mai daɗi ba, amma ban ƙara samun lokacin gundura ba. Na ga mata gajeru masu wushirya da ban san akwai su da yawa haka a garin nan ba. Sau da dama na taɓa hannunsa, ya waiga, ya girgiza kai, mu wuce.

Wata Asabar a Girei, wata dattijuwa da ke wanke tukunya a bakin famfo ta miƙe ta kira shi da wani suna da ban taɓa ji ba. 'Yar unguwarsu ce. Suka yi magana da yarensu, ni ina gefe ina riƙe da gwiwa ina maida numfashi. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Na dai ga ya zauna a ƙasa, a cikin ruwan wanke-wanken, bai ma lura ba.

Da ya tashi ya ce min, "Sun shiga Kamaru tare da mutane. Mata na bai da lafiya a hanya. Yarinya yana hannun ƙanwa nashi."

Na ce, "Ita matar fa?"

Ya ce, "Wannan mama ya ce bai sani ba. Amma ya sani."

Na tare mana Keke Napep. Ya ce a'a, shi zai koma da ƙafa. Ban iya binsa ba, na shiga Keken ni kaɗai, muka wuce shi a kan gada yana gudunsa, kansa a sunkuye.

Bayan kwana kaɗan ya bar Jimeta. Sai da damina ta wuce ya kira ni a waya. Ya samu 'yarsa lafiya a wani ƙauye kusa da iyaka. Matar ta rasu tun a hanya, an nuna masa inda aka binne ta. Na yi masa ta'aziyya, ya tambayi sukarina, na ce ya sauka. Iyakar hirar ke nan.

Har yau ina gudu, kuma in matasa suka tambaye ni ko akwai gundura, nakan ce akwai sosai. Wasu suna jin karatu, wasu waƙa, wasu suna tsara rigimar da za su yi a ofis. Ni dai na fahimci gundurar nan alama ce ta cewa mutanen gidanka duka suna inda ka baro su. Ban raina ta yanzu.

Bara ya kawo 'yar tasa makarantar gaba da sakandare a nan, suka kwana a gidana. Ta zama budurwa, doguwa siririya. Da asuba na ɗaura kambas na ƙwanƙwasa masa ƙofa, na ce ko za mu ɗan taɓa. Ya fito da kofin shayi a hannu, ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Malam, je ka kai kaɗai. Ni na gama nawa."