Ƙusar Injin Uwani

A unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, bayan layin masu gyaran mota, akwai wata rumfa da Malam Baballe ya tsufa a cikinta. Shi ba bakanike ba ne, ba kuma mai walda ba. Sana'arsa ɗaya ce, cire ƙusar da ta ci tsatsa ta kafe a jikin ƙarfen zubi. Kan injin mota, famfon ruwa, duk abin da ya gagari masu gaggawa wurinsa ake kawowa, kuma ba a taɓa jin ƙusa ta karye a hannunsa ba.

Aikinsa ba hayaniya. Ya ɗiga man birki a gindin ƙusa, ya ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, ya tafi masallaci. In ya dawo ya sa sifana ya gwada. In ta ƙi, sai gobe. Wuta kuwa ba ya yarda da ita, don ƙarfen zubi in ya sha zafi gefe ɗaya tsagewa yake yi.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, Uwani mai markaɗe ta Tarauni ta kawo kan injinta a baro. Ƙusar da ke riƙe da faifan niƙa ta kafe. Ga shi ita aka ba markaɗen walimar sabon kansila, kwandunan tumatir har sun iso gidanta.

Ta ce, "Baba, jibi ake walimar nan."

Ya ce, "Ƙusa ba a gayyace ta ba."

Ya ɗiga mai, ya ƙwanƙwasa, ya murɗa. Shiru. Washegari ma haka, sai ma ƙara kafewa take yi. Ranar walima da sassafe Uwani ta dawo da mai baro, ta ce wurin Ɗan'azumi mai walda za ta kai, ya ƙona ƙusar da wuta.

"In injin ya tsage fa?"

"Ya tsage mana, Baba. Tumatir ma ya fara tsagewa."

Ta kama sifanar da ke maƙale a kan ƙusar don ta cire masa abinsa. Cikin fushi ta fizge ta ta ɓangaren ɗauri. Sai ƙusa ta juya. Ta ƙara murɗawa, ta fito sumul tana ƙyalli da mai. Ashe haƙorinta na hagu ne, ta inda ake ɗaure sauran ita ake kwance ta. Tun da aka kawo ta Baballe ɗaure ta yake yi, cikin natsuwa.

Ya karɓa, ya daɗe yana duba haƙorin.

"Uwani, mai baron nan yana da surutu?"

"Ƙanena ne, Bello. Kafin la'asar har 'yan unguwar Daurawa sun ji."

Baballe ya gyaɗa kai, ya goge ƙusar da tsumma ya miƙa mata.

"To ki ce masa ya faɗa daidai. Ba ta karye ba, inji kuma bai tsage ba."