Ƙeyar Matiyu

Matso kusa ka zauna, in ba ka labarin Dokas mai gyaɗa, matar da ta fi kowa a Gombe sanin ƙarshen fim, alhali ba ta taɓa ganin farkon ko ɗaya ba.

A ƙofar silima take kasa gyaɗarta. To, al'adar gidan ita ce in an ɗora faifan ƙarshe sai mai gadi ya buɗe ƙofa, kowa ya shiga kyauta. Nan Dokas za ta rufe farantinta, ta tsaya daga baya. Ba ta jin Indiyanci, ba ta san wa ya cuci wa ba, amma tana iya gaya maka fim ɗin da za a daɗe ana zancensa. Takan ce ba mutuwar jarumi ke taɓa mutane ba, fuskar wanda aka bari tsaye ce.

Mijinta Matiyu kafinta ne a unguwar Herwagana. Da yaƙin basasa ya ɓarke ya shiga soja. A dangin Dokas kuwa ana cewa matafiyin da ya waiwayi gida ba ya dawowa, don haka a tashar jirgin ƙasa ta roƙe shi kada ya juyo, ko da ya ji kukanta. Shi ko mutum ne mai jin magana. Abin da ta gani na ƙarshe ƙeyarsa ce, da sabon aski, tana nason gumi.

Yaƙi ya ƙare, mazan wasu suka dawo, kuɗin man fetur ya shigo gari. Matiyu shiru. Babu gawa, babu wanda ya ce ga inda ya faɗi.

Ana nan aka kawo wani fim. A ƙarshensa mutum ya bar matarsa a bakin hanya, yana tafiya, yana ƙanƙancewa, sai bango ya yi fari. 'Yan kallo suka yi ta tsaki suna jifa da ɓawon gyaɗa. Dokas ta hau ɗakin Rufa'i mai haska fim, don kowa ya san yakan datse inda fim ya ƙone ya liƙe.

"Malam Rufa'i, ka yanke wani abu ne?"

Ya tsokane ta, wai an shiga kyauta kuma har da ƙorafi. Da ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya warware jelar fim ɗin, ya ɗaga ta gaban fitila, yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya.

"Ya juyo?"

"Bai juyo ba, Dokas. Haka suka yi shi."

Har aka mayar da fim ɗin Jos inda aka ɗauko shi, kullum sai ta shiga ta tsaya a wurinta na baya, ta kalli ƙeyar nan. Ta tsufa a ƙofar silimar, ba ta ƙara aure ba, kuma ba ta ƙara hana kowa waiwaye ba.

To, kai mai sauraro, da Matiyu ya juyo ranar nan a tasha, kana ganin da ta iya sakinsa, ko kuwa fuskar ce za ta fi ƙeyar ciwo?